Kwaɗon Intanet A Kanti: A Duba Aiki, Kada A Duba Fuska

Dattawan da suka daɗe a kurmi, ko a Ikko ne, ko Badun, ko Anacha, ba za su manta da ɗan kwaɗon nan da ake maƙala wa wayar tarho ba. A wancan zamani, kafin a kafa NITEL a 1985 da ma bayan kafa ta, samun layin tarho a kanti alfarma ce babba, kuɗin kiran nesa kuwa sai mai ƙarfi. Saboda haka sai mai gida ya sayi ɗan kwaɗo, ya soka shi a ramin faifan da ake juyawa a buga lamba, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Waya tana karɓar kira, amma ba mai iya bugawa sai da izininsa.

Wayar tarho ta tafi da kwaɗonta, amma maganar da ta haifar tana nan. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 harkar kasuwa ta yi ta sauyawa, sai kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa rungumar taransifa da na'urar POS. Yau a Agege da Mil 12 da Alaba Rago, da Sabo ta Badun da ta Shagamu, ba abin mamaki ba ne a tarar da kantin sari, ko ofishin 'yan canji, ko na masu motocin dakon kaya, yana da kwamfuta biyu ko uku da 'yar na'urar nan mai raba intanet da ake kira rauta. Da zarar an kafa ta kuwa, sai tsohuwar tambaya ta dawo: wa za a buɗe wa, wa za a kulle wa?

Amsar da ta dace ita ce, mai gida yana da iko ya taƙaita shiga intanet a wurin sana'arsa, har ma wajibi ne a wasu wurare. Amma sharaɗin shi ne ma'aunin ya zama aikin da mutum yake yi. Idan ma'aunin ya koma ɗan wane ne, ko daga wane gari ya fito, to an bar tsari an shiga son rai.

Hujjar Mai Gida

Hujja ta farko kuɗi ne. Data ba ruwan rafi ba ce, saye ake yi, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗinsu har kashi 50 cikin ɗari. Kallon bidiyo na sa'a ɗaya yana iya cinye gigabait guda ko fiye, alhali saƙon banki da takardun ciniki ba su cin abin a-zo-a-gani. Wato yaro ɗaya da ya kafa ido a wasan ƙwallo na minti 90 yana iya cinye abin da zai ishi akawu aikin kwanaki. Daɗin daɗawa, layin ɗaya ne kowa yake bi. Lokacin da bidiyo ya cika shi, sai tabbatar da taransifa ya yi nawa, mai saye yana tsaye yana jira, wata rana ma ya yi fushi ya koma kantin maƙwabci.

Hujja ta biyu hankalin ma'aikaci ne. Mai karɓar kuɗi da rabin hankalinsa yake wurin cacar ƙwallo shi ne wanda 'yan damfara suke nema da alat na jabu. Sai an rufe kanti an zauna lissafi a ga buhu goma sun fita, kuɗi ba su shigo ba.

Hujja ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce tsaro. Kwamfutar da take riƙe da littafin bashi da asusun banki ita ce lalitar kanti. Mugun shirin nan da ɓarayi suke aikowa ta saƙo ko ta shafin jabu, idan ya shiga na'ura ɗaya yakan iya bin layi ya kama sauran. A watan Mayu na 2017 wani irinsa mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa sallamar marasa lafiya da aka sa wa ranar ganin likita. Abin da ya girgiza asibitocin gwamnatin Ingila, ɗan kanti a Idi Araba ba shi da dalilin raina shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yadda Ake Kullewa

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake gudana, don kada a riƙa yi masa rufa-rufa. Duk waya ko kwamfutar da ta hau layin kanti sai ta bi ta rauta kafin ta fita waje, kamar yadda duk mai shiga gida yake bi ta zaure. Kowace na'ura tana da lambar shaida da rauta take gane ta da ita. Da wannan lamba ake iya cewa na'ura kaza ta shiga ko'ina, na'ura kaza kuma a tsare ta.

Tsarewar iri-iri ce. Akwai jerin hani, inda ake rubuta sunayen shafuffukan da ba a so, kamar na caca da na batsa, a bar sauran a buɗe. Akwai jerin izini, wanda ya fi tsanani, inda ake rufe kome sai 'yan shafuffukan da aka ambata, alal misali na banki da na kamfanin da ake sarin kaya. Akwai ƙayyade lokaci, a ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza ne kawai ake buɗewa. Akwai kuma ƙayyade gudu, ta yadda ba wanda zai mamaye layin shi kaɗai. Galibin rautocin da ake sayarwa a Ikeja, irin su TP-Link da MikroTik, suna iya yin wasu daga cikin waɗannan ko dukkansu.

Hanyar da ta fi sauƙi da aminci ita ce a raba layin gida biyu, kowane da sunansa da kalmar sirrinsa. Ɗaya na aiki zalla, inda kwamfutar akawu da ta banki suke. Ɗaya kuma na baƙi, inda wayoyin ma'aikata da na masu saye za su hau, ba tare da sun iya leƙa na'urorin aiki ba. Haka kuma ya zama dole mai gida ya sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga masana'anta, ya riƙe sabuwar da kansa. Da yawa sukan bar ta a hannun mai gyaran da ya kafa musu, wato sun sayi kwaɗo sun bar mabuɗi a wurin maƙeri.

Inda Zalunci Yake Shiga

A ɗauki misalin kantin sarin hatsi mai mutum shida: mai gida, da ɗansa, da akawu, da mai karɓar kuɗi, da yara biyu masu kula da sito. Abin da aka saba gani shi ne a buɗe wa ɗan mai gida kome da kome, a bar akawu don ana jin nauyinsa, sa'an nan a kulle yaran sito kaf. Alhali in aka bi hankali, kwamfutar akawu ce ta fi bukatar kwaɗo mai ƙarfi, domin a nan dukiya take, kuma ƙaidar ta hau kan duk wanda ya zauna a kujerar, ko da mai gidan ne da kansa. Mugun shiri bai san ɗan gida ba, bai san bara ba.

Su kuwa yaran sito, su ne suka baro iyaye a Sakkwato ko Daura ko Azare, suka zo ci-rani nisan ɗaruruwan mil. Kiran WhatsApp shi ne zaren da ya haɗa su da gida, ta nan suke jin lafiyar tsohuwa da labarin damina. Yaron da aka hana minti goma na gaishe da mahaifiyarsa, yana kallon ɗan mai gida yana kallon fim a kan layin da aka ce tsada ce ta sa aka rufe, ba zai ɗauki wannan a matsayin doka ba. Wulaƙanci zai kira shi, kuma wanda ya ji an wulaƙanta shi ba ya tsare dukiyar wani da zuciya ɗaya.

Akwai kuma asarar da mai gida yake jawo wa kansa. Yau da WhatsApp ake aiko hoton shanu daga Maigatari, da shi ake jin farashin albasa a Aliero, da shi direba yake faɗin inda mota ta lalace. Wanda ya rufe shi ga mai kula da sito ya toshe kunnen kantinsa. Hana wani, hana kai.

Kwaɗo Yana Da Iyaka

Tsofaffin ma'aikata sun san cewa kwaɗon tarho bai taɓa hana mai wayo ba, domin akwai masu ƙwanƙwasa maɓallin da ake ɗora kan waya a kai har lamba ta shiga. Na yau ma haka yake. Wayoyin zamani suna iya sauya lambar shaidarsu, don haka jerin da aka gina a kan lamba kaɗai yana da rauni. Akwai kuma VPN, wadda take ɓoye wa rauta inda mutum ya nufa. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, jama'a da yawa da ita suka ci gaba da shiga. Abin da ya gagari gwamnati na wata bakwai, rautar kanti ba za ta gama da shi ba. Bayan wannan duka, kowane yaro yana da layinsa a aljihu, in ya sayi datarsa ba ruwansa da rauta.

Ke nan na'ura tana tsare layin kanti da kwamfutar kanti ne kawai. Halin mutum kuwa sai magana da yarjejeniya.

A nan ne ya kamata a ja kunnen masu gida game da leƙen asiri. Rufe shafi daban, bin diddigin abin da mutum yake rubuta wa matarsa daban. Rauta a galibi sunan shafin da aka shiga take gani, ba ta ganin abin da aka faɗa a ciki, amma akwai masu tallar shirye-shiryen da ake dasawa a na'ura don karanta saƙonni. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta bukaci mai tara bayanan mutane ya kasance da dalili na halal, ya kuma sanar da su. Tun kafin waɗannan dokoki, addini da al'ada sun hana bin sirrin mutane. Biyan albashi bai mayar da wayar ma'aikaci mallakar mai gida ba.

Su ma ma'aikata da nasu laifin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Layin kanti amana ce kamar kuɗin aljihun tebur. Wanda ya ba abokinsa na rumfar gaba kalmar sirri, ko ya sauke fina-finai cikin dare, ko ya zauna caca a lokacin aiki, ya ci amana, kuma shi ne yake jawo wa 'yan'uwansa tsanani.

Abin da ya kamata kowane mai sana'a ya yi ba shi da wuya. Ya tara mutanensa ya faɗa musu abin da zai rufe da dalilinsa, ya rubuta da Hausa ya manna a bango. Ya kulle na'urorin kuɗi da jerin izini, ba sani ba sabo. Ya hana caca da batsa ga kowa, har da kansa da 'ya'yansa. Ya buɗe layin baƙi mai ƙayyadadden gudu, ko da a lokacin hutun azahar ne da bayan tashi, don yara su gaisa da gida. Ya kuma ba da damar wanda aka rufe wa abin da aikinsa yake bukata ya zo ya faɗa a gyara.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na garuruwan kudu, waɗanda tun fil azal su ne masu sasanta mai gida da yaronsa, ya dace su sa wannan magana cikin abin da suke tattaunawa, tun kafin ƙararrakinta su fara isa zaurukansu. Baƙo a ƙasar wani ba shi da jari da ya wuce amincin mutanensa, kuma a kasuwa irin ta Ikko, inda mai gida yakan yi tafiya Arewa ya bar kanti mako biyu, wannan amincin ne yake tsaron kaya. Allah Ya sa albarka a nema, Ya haɗa kawunan masu gida da yaransu.