Alƙaluman da ba su taɓa shiga kasuwa ba

Duk shekara sassan nazarin kasuwanci a jami'o'inmu suna fitar da kundayen bincike rututu, kusan dukkansu kamar an tsaga kara. Ɗalibi ya tsara takardar tambayoyi mai zaɓi biyar, daga "na amince sosai" zuwa "ban amince ba sam", ya raba wa abokansa, wani ma ya cike rabi da hannunsa. A zuba a SPSS, a rubuta cewa "akwai alaƙa mai ƙarfi", a yi wa kundin bango mai kauri, a jibge a kanta, gara ta karɓi aiki.

Wai wannan ne yanke shawara bisa alƙaluma? Ra'ayi aka auna, ba ciniki ba. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya fitar da sabon lemo bayan ya ɗanɗana wa mutum kusan 200,000, rinjaye ya ce ya fi daɗi. Kwana 79 kacal aka dawo da tsohon. Su da suka tambayi mutane na gaske ke nan!

Alƙaluman kasuwancinmu suna Dawanau, inda dillali ya san yadda buhun gero ke faɗuwa da kaka, ya hau da damina. Suna cikin littafin bashin 'yan Kantin Kwari: wa ya ɗauki atamfa, wa ya biya bayan Sallah, wa ya ɓace. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo wannan littafin, sai an yi watanni ana zama a shagonsa, shi ya sa ake gudu.

Malaman da ke duba kundi su daina sa hannu sai sun ga ɗanyen alƙaluman, sun kuma san kasuwar da aka samo su.