iPhone 17 da kishiyoyinta: Wace waya ce ta dace da mutumin Haɗeja?

A ranar 9 ga watan Satumban 2025 ne kamfanin Apple ya gabatar da wayar iPhone 17 a hedikwatarsa da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Kafin wayar ta shiga kasuwa bayan kwana goma, tuni hotunanta suka zagaye majalisun matasa a arewacin Najeriya, har da na garin Haɗeja a jihar Jigawa, inda aka sake buɗe muhawarar da aka saba yi kowace shekara: shin wannan ce wayar da ta fi kowace, ko kuwa suna ne kawai ake saye?

Masu goyon bayanta suna da abin faɗa. Allonta ya fi na wadda ta gabace ta santsi, ma'ajiyarta mafi ƙanƙanta ta kai gigabayit 256, sannan babbar cikinsu, wato iPhone 17 Pro, an yi mata wata sabuwar dabara ta rage zafi. Masu Samsung kuma suna nuni da Galaxy S25 Ultra wadda ta fito a farkon shekarar, suna cewa kyamararta ta fi janyo abin da ke nesa. A gefe guda ga masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne mafi yawa a kowace majalisa, amma ba kasafai suke ɗaga murya ba idan ana wannan gardama.

Sai dai kusan dukkan hujjojin da ake kawowa, an aro su ne daga masu gwajin waya na Turai da Amurka, mutanen da wutar lantarki ba ta ɗauke musu, kuma sabis bai taɓa yanke musu a tsakiyar gona ba. Idan aka ɗora wayoyin a kan sikelin kwarin Haɗeja, awon yakan fito daban.

Farashi da albashi

Apple ya sanya wa iPhone 17 farashin dala 799 a Amurka, iPhone Air dala 999, ita kuwa Pro ta fara daga dala 1,099. A lokacin da aka fitar da su, ana canjin dala ɗaya a kan kusan naira 1,500. Ke nan mafi araharsu ta tashi a kan kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, tun kafin a haɗa da kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa.

Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ƙaramin ma'aikacin da ke karɓar wannan albashi zai tara na wata 17 cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kai ga kuɗin ƙaramar. Idan kuwa Pro yake hari, sai ya kusa cika shekara biyu.

Faɗuwar darajar naira ce ta ƙara nisanta wannan waya da talaka. Kafin a saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba. Apple ya daɗe yana sayar da irin wannan waya a kan dala 799, amma a wurin ɗan Najeriya kuɗin ya ninka kusan sau uku. Haka kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, don haka ko bayan an sayi wayar, ciyar da ita wani nauyi ne na daban.

Ga manomin shinkafa a Auyo ko mai ridi a Malam Madori, lissafin ba na albashi ba ne, na buhu ne. Kuɗin da za su sayi iPhone za su iya sayen injin ban-ruwa da taki da man fetur na noman rani, har a samu canji.

Yadda Tecno ta ci kasuwa

Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, wanda shi ne mai Tecno da Infinix da itel, an kafa shi ne a 2006, kuma a 2008 ya mayar da hankalinsa kan Afirka, ya fara da Najeriya. A lokacin Nokia ce ke tashe. Shekara bakwai ke nan da zuwan wayar salula ƙasar a 2001, zamanin da layi ɗaya kan kai naira dubu 20, kuma mai hali yakan yi yawo da waya biyu ko uku saboda sabis ɗin kowane kamfani yana da inda yake ƙarewa.

Abin da Transsion ya yi ba wata fasaha ce mai ban mamaki ba. Ya lura da halin da mutane ke ciki ne kawai. Ya kawo waya mai layi biyu, ya sanya mata batir mai jimiri, ya gyara kyamara ta yadda za ta fito da fuskar baƙar fata ko da haske ya yi ƙaranci, ya kuma shigar da harsunan gida irin su Hausa da Swahili da Amharik. Ƙididdigar kamfanonin da ke nazarin kasuwar waya ta nuna cewa a 2024 kusan rabin wayoyin komai-da-ruwanka da aka shigo da su Afirka na wannan kamfani ne.

Waɗannan dalilai har yanzu suna nan a yankin Haɗeja. Wanda ke sana'ar su a Guri ko Kirikasamma, ko mai kai bandar kifi babbar kasuwar kifi ta Haɗeja, ya san ƙauyen da layi kaza ke kamawa da wanda sai an hau tudu. A wurinsa layi biyu ba ado ba ne.

A nan ne sabuwar iPhone ta zo da wani cikas da masu ɗokinta ba su cika ambata ba. Tun daga 2022 waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin saka layi, sai dai layin da ake ɗorawa a cikin manhajar waya, wanda ake kira eSIM. Da iPhone 17 ta fito, an faɗaɗa wannan tsari zuwa ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato daidai wuraren da alhazai da fataken Kano suka fi sayo waya. Ita kuwa iPhone Air ko'ina a duniya haka take. Manyan kamfanonin sadarwa na Najeriya suna ba da irin wannan layi, amma al'adar zare layi a saka a wayar ɗan'uwa idan caji ya ƙare, wadda kowa ya sani a karkara, ba ta yiwuwa da shi.

Wuta, zafi da ruwa

Batun caji shi ne babba. A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin arewa, har da Jigawa, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. A wannan lokaci masu shagunan cajin waya da janareta ko sola su ne suka zama manyan gari. Mutumin da zai bar wayarsa a shagon caji tare da wasu ɗari, ya karɓi lamba a guntun kwali, ba zai samu natsuwa ba idan wayar ta haura miliyan.

Gaskiya ne cewa girman batir ba shi kaɗai ne ke nuna daɗewarsa ba, domin na'urorin Apple sun iya tattalin wuta. Amma wayoyin Transsion da dama, da irin su Redmi da ƙananan Samsung, suna zuwa da manyan batura a kan farashin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na iPhone ba, kuma mai su yana iya raba waya biyu tsakanin gida da gona.

Sai kuma zafi. Apple da kansa ya ce an tsara iPhone ta yi aiki ne a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyos ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗeja kan haura 40. Babu wayar da ke son irin wannan rana, ko ta wane kamfani ce, kuma zafi na cikin abubuwan da ke saurin kashe batir. Bambancin shi ne kuɗin sauya shi.

Inda manyan wayoyi ke da rinjaye na zahiri shi ne ruwa. iPhone 17 da Galaxy S25 duk an ƙera su ta yadda za su jure nutsewa na ɗan lokaci, abin da yawancin masu araha ba sa iyawa. A yankin da ambaliya ta yi ɓarna a 2012 da 2020 da 2022, inda ciyawar kachala ke toshe hanyoyin kogi ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da gidaje, kuma mutane ke kwana suna tare jinga da buhunan ƙasa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. To amma ko a nan akwai ƙaramin rubutu: garantin Apple bai shafi ɓarnar da ruwa ya yi ba, sannan kariyar takan ragu da zarar mai gyara ya taɓa buɗe wayar.

Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a nahiyar Afirka, sai dillalan da ya ba izini a manyan birane. Idan gilashin Tecno ya fashe, mai gyara a Haɗeja zai sauya shi kafin la'asar. Idan na sabuwar iPhone ne, galibi sai an nufi Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, kuma ko a can samun na asali wani aiki ne.

Inda Apple da Samsung suka yi zarra

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa tsadar ta banza ce. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, waya ta zama lalitar ɗan kasuwa. Dillalin shinkafa ko na dabbobi a kasuwar Gujungu ko Maigatari yana iya karɓar miliyoyi ta manhajar banki ko ta OPay da Moniepoint da PalmPay. Wayar da ke ɗauke da irin wannan dukiya, tsaronta ya fi kyamararta muhimmanci.

A wannan fanni manyan kamfanoni sun yi nisa. Samsung ya yi alƙawarin shekara bakwai yana sabunta manhajar manyan wayoyinsa tun daga Galaxy S24 ta 2024. Manhajar iOS 26 da Apple ya fitar a 2025 tana aiki har a kan iPhone 11 ta 2019. Wayoyi masu araha da yawa ba sa samun ko rabin wannan kulawa. A 2020 ma wani kamfanin binciken tsaron intanet ya ba da rahoton gano muguwar manhaja a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun daga masana'anta, wadda ke cinye data tana kuma yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Transsion ya ce tsohuwar matsala ce da ta samo asali daga wani mai kawo masa kaya, kuma ya magance ta.

Haka kuma iPhone tana riƙe daraja idan aka tashi sayarwa, shi ya sa wasu matasa ke ɗaukarta tamkar ajiya, kamar yadda iyayensu ke ajiya a tunkiya. Ga matashin da ke neman abinci da ɗaukar bidiyon biki ko tallan kaya a TikTok da Instagram, kyakkyawar kyamara jari ce.

Amma abubuwan da aka fi tallata su da su, ba su kai ga Bahaushe ba tukuna. Fasahar 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022 ta fara ne da manyan birane bakwai, Kano da Maiduguri na ciki, kuma ba ita ce mutumin fadama ke dogaro da ita ba. Siri, mataimakiyar da ake yi wa magana a iPhone, ba a fitar da iPhone 17 tana jin Hausa ba, alhali a 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa wayar Android magana da su ta rubuta. A yankin da mutane da dama suka fi sakewa da saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutun boko, wannan ya fi ƙarin ido a kyamara amfani.

Sayen suna

Abin da ba a cika fitowa fili a faɗa ba shi ne, gardamar ba ta na'ura ba ce zalla. iPhone ta zama alamar arziki, ta shiga zancen samari da 'yan mata, a wasu gidajen har ana sa ran ganinta cikin toshi ko lefe. Malamai da dattawa sun daɗe suna kokawa kan yadda ƙarin ɗawainiya ke jinkirta aure, ga shi an samu sabon abu an ɗora a kai. A Kano kuwa, inda ƙwacen waya ya kai ga asarar rayuka a shekarun baya-bayan nan, riƙe waya mai tsada a fili yana da nasa haɗarin.

Wata guda bayan fitowar iPhone 17, a Oktoban 2025, cece-kuce ya ɓarke a shafukan sada zumunta na Najeriya kan wasu wayoyi da ake shigowa da su daga China: tsohuwar iPhone XR ta 2018 ce ake cire wa riga a sanya mata ta iPhone 17 Pro. Wasu masu sayarwar ba su ɓoye ba, kuma an samu masu saye da sun san abin da suke saye. Ita XR ɗin tana cikin waɗanda Apple ya bari a baya lokacin da ya fitar da iOS 26, don haka mai ita ya rasa sabuwar manhajar, ya rasa kariyar ruwa tunda an buɗe ta, ya rasa kyamarar da ake yabo. Idanu ukun da ke bayanta, ɗaya ne kawai ke gani.

Haɗarin ya fi yawa ga mai saye a garuruwa irin Haɗeja da Gumel da Nguru, inda waya kan biyo ta hannu uku ko huɗu kafin ta iso, kuma babu rasit balle inda za a kai ƙara. Masu gyaran waya kan shawarci mai saye ya shiga saitin wayar ya duba sunan samfurinta da lambarta, ya gwada da wadda ke jikin kwali, ya kuma tabbatar ba a kulle take da asusun wani ba, kafin ya tura ko sisi.