Zauren Kwamfuta: Kada A Zubar Da Tsohuwar Na'ura



Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da yaranmu suka saya a Tip Toe Lane ba za su ɗauki Windows 11 ba. To, a zubar ke nan? A'a.

Akwai wata manhajar tafiyar da kwamfuta mai suna Haiku. Masu sa kai ne suka fara ta a 2001 don ci gaba da aikin BeOS. Kyauta ce, kuma ba ta da nauyi ga tsohuwar na'ura.

Ga yadda ake yi. A sa Haiku a kan filashi, a tayar da kwamfutar daga nan, a gwada tukuna. Wannan wajibi ne, domin wasu na'urorin Wi-Fi ba sa aiki da ita. In komai ya yi daidai, sai a girka. Daga nan a buɗe HaikuDepot, a nemi Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, a sauke. A buɗe Terminal, a rubuta python3.

Da layi goma yaro zai iya rubuta lissafin adashin uwarsa: wa ya zuba, wa ya kwasa, sidi nawa suka rage. Iyaye, ku ba su dama.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.