Hazon da ke rufe duwatsun Kelle da darasin hatsarin alhazai na Kano

A garin Kelle da ke gundumar Gure a jihar Damagaram, ba a buƙatar rediyo kafin a san hunturu ya kama. Da safe mutum zai ɗaga ido wajen duwatsun Kutus, ya ga hazo ya haɗiye su. Wannan ƙura daga nesa take tasowa. Iska ce ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a arewacin Chadi, ta kwashi garin ƙasa a kwarin Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe, ta nufo kudu maso yamma. Gabashin Nijar take fara ratsawa, bayan kwana ɗaya ko biyu ta sauka a Kano. Wato hazo baƙo ne mai aiko da sallama kafin ya iso.

Wannan ya sa ya dace a riƙa tuna ranar 22 ga Janairun 1973. A ranar, wani jirgi samfurin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya taso daga Jidda da alhazai zai kai su Legas. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkatar da shi zuwa Kano, inda iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi. Jirgin ya dira da ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, tankin mai ya fashe, wuta ta tashi. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, 26 suka tsira. A lokacin babu hatsarin jirgin sama da ya taɓa cin rayuka kamar haka a duniya, sai a Maris na 1974 da jirgin Turkiyya ya faɗi kusa da Paris da mutum 346. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Fiye da shekara 50 ke nan, amma darasin bai tsufa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne 'yan ci-rani da ɗalibai da ma'aikata ke tururuwar dawowa gida hutu da bukukuwa, kuma lokacin ne hazo ke ƙamari. Da zarar an ce an ɗage tashi, sai ɗakin jira ya kaure da hayaniya, a ɗauki bidiyo a zuba a Facebook da TikTok, ana zagin ma'aikata. Wasu har cewa suke a tashi kawai, abin da Allah Ya rubuta ba makawa.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba tawakkali ba ce. Direban da ke bin hanyar Gure zuwa Damagaram, idan ƙura ta tokare masa gaba, yakan rage gudu ko ya tsaya a gefe, kuma ba wanda ke ce masa marar imani. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin nisan da dole a iya hangowa kafin a sauka, kuma matuƙin da ya ƙi sauka ƙasa da wannan ma'auni ya yi aikinsa ne. Hayaniyar fasinjoji da matsin kamfani ba su ƙara masa gani ko da taku ɗaya.

Ba a ce fasinja ba shi da hujja ba. Wanda ya baro Jidda ko Landan da hutun mako biyu, ya kwana biyu a benci ba wanda ya yi masa bayani, dole ransa ya ɓaci. Akwai kuma zargin da aka saba ji, cewa wasu kamfanoni na fakewa da hazo su ɓoye ƙarancin jirage. Sai dai fushin yana sauka a inda bai dace ba. A watan Fabrairun 2020, jiragen ƙasashen waje da dama sun karkata zuwa Accra saboda hazo ya rufe Legas, a daidai lokacin da ba a kammala daidaita sabuwar na'urar da ke yi wa jirgi jagora zuwa titin sauka ba. Laifin ba na matuƙa ba ne, na masu kula da kayan aiki ne.

Nan ya kamata matasa su karkata muryarsu. A tambayi hukumar NAMA a Najeriya da ASECNA a Nijar ko na'urorin sauka na Kano, Sakkwato, Damagaram da Yamai suna aiki, kuma yaushe aka duba su. A tambayi ko motocin kashe gobara suna da ruwa da kumfa, tunda a Kano wuta ce ta biyo bayan saukar. A matsa wa kamfanoni su sanar da fasinja tun yana gida idan NiMet ta yi hasashen hazo. A kuma nemi kada tsamin dangantakar Yamai da Abuja tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya taɓa musayar bayanan yanayi, domin ƙura ba ta tsayawa a kan iyaka.

Manomi a Kelle ba zai hana iska tasowa daga Chadi ba, amma ya san ya shirya mata. Hukumomin da ke da tauraron ɗan'adam da kasafin kuɗi ba su da uzurin da ya fi nasa. Fasinja kuma ya tuna cewa jinkirin kwana ɗaya ya fi zaman makoki sauƙi a kan iyalinsa.