'Yan mazan jiya: Bayan furanni da tattabaru, a biya su haƙƙinsu

A ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara, Najeriya kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Shugaban ƙasa da manyan hafsoshin soja kan ajiye furanni a Abuja, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, gwamnoni ma su yi haka a jihohinsu. Kafin ranar, akan ƙaddamar da bajen tunawa da su, a yi addu'o'i a masallatan Juma'a da coci-coci. A da ana yin bikin ne ranar 11 ga Nuwamba, kamar sauran ƙasashe renon Ingila, kafin a mayar da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Yabon gwani ya zama dole, kuma waɗannan bayin Allah sun cancanci fiye da haka. Abin da ya dame mu shi ne halin da rayayyunsu ke ciki a sauran ranakun shekara, bayan an kwashe rumfuna kowa ya koma gidansa.

Idan aka ce 'yan mazan jiya, ana maganar zuriya bayan zuriya ne. Akwai waɗanda Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa dazukan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawansu daga ƙauyukan Arewa, a zamanin da Hausa ce harshen bariki. Kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Akwai waɗanda suka je Kwango a farkon shekarun 1960, da waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Akwai dakarun ECOMOG da suka shiga Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, da waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur. Sai kuma 'yan baya-bayan nan, waɗanda tun 2009 suke fafatawa da Boko Haram a Arewa maso Gabas, da waɗanda ke dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja suna artabu da 'yan bindiga. Wannan rukuni na ƙarshe matasa ne. Wasunsu sun bar aiki ba ƙafa ko ba ido tun ba su kai shekara arba'in ba, ga mata ga ƙananan yara.

Matsala ta farko ita ce fansho. A 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon da ma'aikaci ke zuba nasa kason, aka bar nauyin biyansu kacokan a wuyan gwamnatin tarayya ta hannun Hukumar Fanshon Soja. Hujjar a lokacin mai ƙarfi ce: aikin soja daban yake da kowane aiki. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan tarayya, duk wanda ya riga zuwa. Duk da haka, a Janairun 2022 'yan Najeriya sun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman bashin ƙarin fanshonsu. A Janairun 2025 sun sake komawa ƙofar. Abin kunya ne dattijon da ya kwana a rami domin ƙasarsa ya dawo yana kwana a bakin titi domin karɓar abin da doka ta riga ta ba shi.

Jinkirin ma kansa asara ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin komai ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Kuɗin da aka riƙe wa mutum shekara guda, ranar da aka ba shi ba zai sayi buhunan da zai saya tun farko ba, kuma babu wanda ke biyan wannan giɓi.

Matsala ta biyu ita ce lafiyar jiki. Akwai kamfanin inshorar lafiya na sojoji, DHML, wanda ke kula da masu aiki da iyalansu da kuma waɗanda suka yi ritaya. Akwai manyan asibitocin soja, kamar Asibitin 44 da ke Kaduna, inda ake jinyar da yawa daga cikin waɗanda suka ji rauni a fagen daga. To amma tsohon soja ba a bariki yake zaune ba. Ya koma Zuru ko Biu ko Langtang ko Kafanchan, wani ma ƙauyen da sai an hau babur kafin a kai bakin kwalta. Inshorar da sai ya kashe rabin fanshonsa a kuɗin mota kafin ya amfana da ita, da sauranta. Haka kuma raunin yaƙi ba jinyar wata uku ba ce. Ƙafar roba tana lalacewa, tana buƙatar gyara da sauyi bayan 'yan shekaru. Kunnen da ƙarar igwa ta kashe yana buƙatar na'urar ji. Ga hawan jini da ciwon sukari da tsufa ke zuwa da su, waɗanda maganinsu na kullum ne.

Matsala ta uku ita ce wadda aka fi yin shiru a kanta, wato raunin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Likitoci sun daɗe da sanin ciwon firgici da ke bin wanda ya ga tashin hankali, wanda suke kira PTSD. Mai shi kan kasa barci, ya riƙa mugun mafarki, ƙarar tayar mota ta sa ya zabura, ya zama mai saurin fushi ko ya ƙaurace wa mutane. Wasu kan faɗa shaye-shaye don neman sauƙi. A unguwanninmu, sai a ce soja ya taɓa shi, ko a ce iska ce, a yi ta yawo da shi ba a kai shi inda ya dace ba. Matarsa da 'ya'yansa su ne ke kwana da wannan ciwo. Alhali yana da magani, kuma neman maganin bai saɓa wa addu'a ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma a farkon 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Abin da ya rage shi ne a haɗa tsohon soja da waɗannan wurare ba tare da ya ji an tozarta shi ba.

Sai kuma matan da aka bari da marayu. Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a Maris ɗin 2024, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu, ya yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Mun yaba da wannan. Amma kurtun da ya faɗi a wani ƙauye a gaɓar Tafkin Chadi, ba kyamara ba jawabi, jininsa ɗaya da nasu. Bai kamata samun haƙƙin iyalin mamaci ya dogara da yadda labarin mutuwarsa ya karaɗe kafafen yaɗa labarai ba.

Za a ce kuɗi sun yi kaɗan, ga yaƙi ana yi, ga sauran 'yan fansho su ma suna kuka. Gaskiya ne. Sai dai kula da tsohon soja yana cikin kuɗin yaƙin kansa, kamar harsashi da man jirgi. Saurayin da ke tsaye a shingen bincike a Damboa yana da waya, yana ganin bidiyon magabatansa a ƙofar ma'aikata, kuma ya san gobensa yake kallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙasar da ke son sojanta ya tsaya a daga, dole ta nuna masa cewa idan ya faɗi ba za a watsar da iyalinsa ba. Akwai kuma haɗarin barin dubban mutanen da suka ƙware da sarrafa makami cikin yunwa da ɓacin rai, a lokacin da ɓata-gari ke neman irinsu ido rufe.

Don haka muna kira ga gwamnatin tarayya da ta riƙa biyan ƙarin fanshon soja a watan da aka ƙara wa masu aiki albashi, ta kuma riƙa wallafa abin da ake bin ta da ranar da za ta biya. A faɗaɗa inshorar lafiyarsu ta yadda kowane babban asibitin gwamnati a kowace ƙaramar hukuma zai karɓi katinsu, ta kuma haɗa da ƙafar roba da na'urar ji da magungunan ciwon da ba ya warkewa. A duba lafiyar ƙwaƙwalwar kowane soja idan ya dawo daga fagen daga da kuma kafin a sallame shi, a ci gaba da bibiyarsa bayan ritaya, cikin sirri. Cibiyar koyar da sana'o'i ta sojoji masu shirin ritaya da ke Oshodi a Legas ta yi wa ƙasa mai faɗin Najeriya kaɗan, ya kamata a samu rassanta a sauran shiyyoyi. Majalisar Tarayya kuma ta sa wa'adi a doka na biyan iyalan mamata, da hukunci ga jami'in da ya danne fayil. Kuɗin da ake tarawa a wajen ƙaddamar da baje, a bayyana wa jama'a nawa aka samu da inda aka kai su. Kada kuma a manta da 'yan sa-kai na Borno da suka mutu ko suka nakasa kafaɗa da kafaɗa da sojoji.

Mu ma al'umma da namu. Gwamnoni na iya ɗauke wa marayun sojoji kuɗin makaranta. 'Yan kasuwa na iya ɗaukar waɗanda suka yi ritaya aikin da ya wuce gadi, domin a cikinsu akwai makanikai da direbobi da ma'aikatan jinya da masana sadarwa. Limamai da fastoci su faɗa wa mabiyansu cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane. Mai unguwa kuwa ya san gidan da tsohon soja ke kwance ba mai leƙa shi.

Alƙawari kaya ne. Su sun sauke nasu tun ranar da suka yi rantsuwa suka ɗauki bindiga. Saura namu, kuma ya kamata a fara saukewa kafin 15 ga Janairu mai zuwa.