Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Firamare Na Jega, Aliero Da Maiyama



Don Allah ku dubi yarinyar nan 'yar shekara 11 mai gyangyaɗi a aji biyar. Ba lalaci ba ne. Tun asuba take wanke-wanke da goyon ƙane, yayanta yana miƙe a tabarma. Da Sallah an ɗinka wa 'yar ubanta atamfa, ita aka ce ta jira a sayar da albasa. Mutumin Aliero kuwa ya san albasa ba ta da alƙawari: farashi ya karye, rabi ta ruɓe, baba ya shigo fuska a murtuke. Yarinya ta ji komai ta bayan labule, ta haɗiye. Washegari ta huce a kan ƙanwarta, a ce ta cika baƙin hali.

Shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Kebbi ke cikin jihohinsa na farko, 'yan sakandare ya fi kallo. Ita wannan tana hannunku tukuna. Kafin bulala, ku ja ta gefe ku tambayi lafiyar gida. In ta yi shiru, malama ta leƙa wurin uwar bayan la'asar.

Wassalam.