Katafila Ta Yi Sanyi: Kafin A Ce Famfo Ya Mutu

 

Maudu'inmu na yau baƙo ne a wannan zaure: motar haƙa ƙasa, wadda masu aiki da ita ke kira eskabeta, mu kuma muke haɗa ta da 'yan uwanta mu ce katafila. Mu da muka taso a yankin Zurgu, wajen Rano da Kibiya, mun san amfaninta. Ita ke haƙo burjin da ake zuba wa hanyoyin ƙauyuka, ita ke yashe tafkin da dabbobi ke sha da rani. Magudanan da ke ɗauko ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, su bi ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Bunkure, Kadawa da Kura, idan laka da ciyawar kachala suka cushe su, ita ake nema.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci tsofaffi ne, irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso mana. Ciwon da ya fi damun su shi ne sanyin jiki: hannu ya ɗaga da ƙyar, bokiti ya naɗe kamar ba ya so. Aikin kwana uku sai ya ci mako guda, kuɗin haya na tafiya, gas na ƙonewa, manomin rani yana jiran ruwa. Kalmar farko da ake ji a bakin mutane ita ce, "Famfo ya mutu." Famfon haidurolik kuwa yana cikin kayan da suka fi tsada a jikin motar.

Ra'ayinmu shi ne, famfo ne ya kamata ya zo ƙarshe a jerin abin zargi. Kuma rashin rubuta wannan ilimi da Hausa yana cikin abin da ke jawo wa mutanenmu asara.

Yadda motar ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Inji yana juya famfo, famfo ya zuƙo mai daga tanki ya tura shi ta bawul zuwa silinda, silinda ta motsa hannu. Tun ƙarni na 17 Blaise Pascal, masanin nan na Faransa, ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina cikinsa. Abin riƙewa a nan guda biyu ne: matsin mai ke ba da ƙarfi, yawan man da ke gudana kuma ke ba da sauri. Manomin Kadawa zai gane wannan nan take. Idan ruwa bai iso fangalinsa ba, ba ya fara cewa Tiga ta ƙafe. Yakan bi magudana ya ga inda ta toshe ko inda ta ɓalle.

Ƙwararren makanike ma haka yake yi, kuma da tambaya yake farawa kafin ya ɗauki sifana. Duk motsin motar ne ya yi sanyi, ko guda ɗaya? Idan hannu kaɗai ne, sarƙa na tafiya daidai, juyawa lafiya lau, to ciwon yana silindar nan ko bawul ɗinta. Ana iya ɗaga bokiti, a saki sitiyarin hannu, a ga ko yana zamewa ƙasa da kansa. Idan yana yi, mai na sulalewa ta robobin cikin silinda ko ta bawul. Tambaya ta biyu: da safe ma haka take, ko sai rana ta take? Motar da ke aiki garau da sanyin safiya, ta mutu da azahar, zafi ke damun ta. Mai idan ya haura digiri 80 yakan tsinke kamar ruwa, ya riƙa kuɓucewa ta kowace kafa, ya kuma gasa robobi. A ƙasarmu ta ƙurar hunturu da zafin bazara, sau da yawa abin sanyaya man ne ya toshe da ƙura da ƙaiƙayi, wanki kawai yake so.

Sai a saurari inji. Idan ana jan hannu yana nishi, yana fitar da baƙin hayaƙi, gudunsa na faɗuwa, wataƙila haidurolik ba shi da laifi. Gurɓataccen gas, ko filtar gas da ta iska da suka toshe, sun isa su hana inji juya famfo yadda ya kamata.

Daga nan a buɗe tanki. Man ya kai ma'auni? Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Idan yana kumfa, famfo kuma yana kuka, iska yake zuƙa ta wani tiyo da ya saki, ko kuma rariyar da ke ƙasan tanki ta cushe. A duba ko man da aka zuba shi ne wanda ya dace, domin akwai mai lamba 46, akwai mai lamba 68 da ya fi kauri, kuma haɗa su da duk abin da aka samu a jarka ba dabara ba ce. A cire filta a yanka ta a duba. Ƙurar ƙasa daban, ɓarɓashin tagulla mai ƙyalli daban. Na biyun ne ke nuna famfo ya fara cin kansa.

Bayan haka geji zai yi magana. A motoci masu nauyin tan 20, babban matsi yakan kai wajen bar 300 zuwa 350. Akwai kuma wani ƙaramin famfo da ke aika umarnin direba zuwa manyan bawul, nasa matsin wajen bar 35 zuwa 40 ne. Idan wannan ƙaramin ya yi rauni, motar gaba ɗaya za ta yi sanyi alhali babban famfo lafiyarsa ƙalau. Haka bawul ɗin da ke sakin matsi idan ya yi yawa: in ya gaji, ko datti ya maƙale masa, zai riƙa mayar da mai tanki tun kafin ya yi aiki. Sai an wanke duk waɗannan daga zargi, an kuma auna yawan man da ke zurarewa daga jikin babban famfo, sannan a yi maganar zuwa Ƙofar Ruwa neman wani.

Wani zai ce, ina ruwan marubuci da wannan? Ruwanmu ya yi tsaki. Littattafan waɗannan motoci da Turanci suke, wasu ma da Japananci, kuma yawancinsu ba su biyo motar ba. Yaron da ke koyon aiki a gareji yana kwasar ilimi ne daga bakin maigidansa. Ranar da maigidan ya rasu, abin da ya sani ya bi shi. Mai motar kuma, tun da bai san tambayar da zai yi ba, duk abin da aka faɗa masa sai ya biya. Fiye da shekara 70 da suka wuce Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana kimiyya da Hausa tsantsa. Mu da muka yi difloma a kwalejin fasaha, muke kuma riƙe da katin ƙungiyar marubuta, ba mu da hujjar cewa harshen ba zai ɗauka ba.

Gaskiya ne karatu kaɗai ba ya mayar da mutum makanike, kuma bai kamata rubutunmu ya sa kowa ya yi wa motar karambani ba. Man da ke fita ta ƙaramar ɓula da irin wannan matsi yana huda fata, ya kai mutum ga rasa hannu. Shi ya sa ba a laluben yoyo da tafin hannu, ba a kuma kwance tiyo sai an ajiye bokiti ƙasa, an kashe inji, an saki matsi. Wannan gargaɗin ma da Hausa ya fi saurin isa ga wanda ke buƙatar sa.

Saboda haka ga aikin da muke ba kanmu a wannan mako. Kowa ya nemi mai sana'a ɗaya a garinsu, makanike ko mai walda ko mai gyaran injin ban ruwa. Ya zauna da shi, ya tambaye shi yadda yake gano ciwo guda ɗaya daga farko har ƙarshe, ya rubuta da kalmomin da shi mai sana'ar ke amfani da su. Kafin ya kawo mana nan, ya karanta masa ya gyara. Shafi biyu sun isa.

Allah ya sa albarka a alƙalumanmu, ya kare masu nema a wuraren sana'arsu.